Kurkunun Zaren Taru

Shekara biyu da yanke Kebbi daga Sakkwato aka kawo sabon tsari: ma'aikacin lafiya da ya fi tara majinyata a ƙara masa albashi, wanda bencinsa ya bushe kuma a ɗauke shi. Mu a Tungar Dogo, bakin ruwan Kainji ta wajen Ngaski, tsarin nan ya zo mana a wuya.

Malama Uwani ce ke riƙe da ɗakin shan maganinmu. Shekara huɗu tana bin mu gida-gida da ƙyallen tace ruwa, tana faɗa kamar ita ta haife mu, har kurkunu ya bar garin. Ladan da ta samu shi ne benci ba kowa sai akuyar maigari. Ƙauyukan da ke ɗirkar ruwan tafki yadda ya zo kuwa, ma'aikatansu har babura sun saya. Jikin Uwani ya yi sanyi, ko faɗan ta rage, abin ya dame mu.

Da muka ji cewa mai duba aiki, wani Malam Lawali, zai zo daga Yelwa ran Alhamis, ni Jabiru na tara mutane na kawo dabara. Har yau ina cizon yatsa. Muka yanko farin zaren tarun kamun kifi, kowa ya nannaɗe shi a tsinke yadda ake jan kurkunu, ya manna a ƙafa da ƙaro, ya ɗaure da tsumma. Kwana biyu muna koyon ɗingishi. Tsoho Arzika kullum sai ya manta wace ƙafar ce.

Ran Alhamis Uwani ta fito ta tarar da mu sittin da uku muna nishi da kukan ƙarya. Kallo ɗaya ta yi wa ƙafata.

"Jabiru, mi kunka yi?"

"Ceton ki munka zo yi. Ke dai yi shiru."

Malam Lawali ya sauko daga kwalekwale, ya toshe hanci da hankici, ya tsaya can nesa yana ƙirga mu da bakin biro. Ko taku ɗaya bai matso ba.

"Ranka shi daɗe, lahiyarsu lau," in ji Uwani. "Zaren taru na."

Ya girgiza kai yana murmushi. "Ga ƙwazo ga kunya. Irinku muke nema, Malama."

Muka koma gida a guje, har da Arzika. Matata ta dafa tuwon shinkafa, na ci ina jin kaina.

Bayan mako biyu takarda ta iso. An ƙara wa Uwani albashi, an kuma mayar da ita babban asibiti a Yelwa, wai wadda ta iya da mutum sittin ita kaɗai ta fi ƙarfin tunga. A madadinta aka turo mana ɗaya daga cikin masu baburan, wanda tambayarsa ta farko ita ce ina majinyatan suka shiga.

Duk garin muka raka ta bakin ruwa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Buhun ƙyallayen tace ruwa kawai ta ɗora mini a ka.

"Tun da kai ad da dabara, daga yau kai ka bin gida-gida."

Kwalekwalen ya ja. Na tsaya da buhu a kai ina kuka, ba kuma irin na ran Alhamis ba.