Ba Ciki Ba Ne

Ko da na shiga gidan, surukar Auta tana riƙe da gaban rigarta, ta ja shi sama tana nuna wa matan maƙwabta da suka cika tsakar gida. Wuri biyu a ƙirjin rigar sun jiƙe sun yi duhu.

"Ku gani da idonku," in ji tsohuwar. "Ɗana ya shekara biyu a ƙasa, ga matarsa tana zubar da ruwan nono. Kuma wata nawa rabonta da fashin salla? Ta ɗauka ba na lura!"

Auta ƙanwata ce, a bayana ta girma bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tana tsaye kamar an dasa ta, leɓenta ya bushe. 'Yarta, wadda marigayin yake kira 'Yar Baba, ta leƙo daga ɗaki, ƙanin marigayin ya tura ƙeyarta ciki ya ja ƙofa.

"Inna, sakar mata riga," na ce.

"Na saka. Kwashe kayarki ku ba mu wuri. Yarinya kuwa jininmu ce, ba inda za ta."

A bakin titi Auta ta fara rantse mini. Na ce ta adana rantsuwarta, asibiti za mu.

* * *

Likitar mace ce mai furfura a goshi. Ta sa aka yi awon fitsari da na jini, ta duba cikin da na'ura, sannan ta ce, "Babu ciki. Babu ma alamar an taɓa yinsa kwanan nan."

Na yi ajiyar zuciya, amma ita ba ta saki fuska ba. Ta tambayi Auta ko tana jin jiri idan ta miƙe tsaye, ko gajiya na kayar da ita tun da safe. Duk Auta ta ce e.

"Akwai maganin da kike sha kullum?"

Auta ta buɗe jaka ta fito da wasu ƙwayoyi a ƙulle cikin leda. "Manaja ke raba mana a wurin aiki. Ya ce na ciwon baya ne."

A kamfanin ɗinkin buhu take aiki tun da mijinta ya rasu, a tsaye gaban keke daga safe har yamma. "Idan na sha, ba na jin bayana har a tashi," ta ce. "Da can ɗaya ke isata. Yanzu ɗaya ko gezau."

Likitar ta juya ledar a hannunta. "Tiramol ne, mai ƙarfin ma." Ta ɗora yatsa tsakanin girarta. "Can ciki, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba. Ita ke aika wa jiki saƙo ta cikin jini: lokacin al'ada ya yi, lokacin shayarwa ya yi, tashi ki yi ƙarfi gari ya waye. Irin wannan ƙwaya idan aka daɗe ana sha, sai ta rikita ta. Saƙon al'ada ya tsaya. Na nono ya yi yawa, ko babu jariri. Na ƙarfin jiki ya ragu, shi ne jirin nan."

"To ta zubar da su yau," na ce.

"A'a. Ta daina lokaci ɗaya, za ta sha baƙar wuya. A hankali za mu janye ta."

Auta ta dubi ƙirjinta. "Likita, wato ba ni da laifi?"

"Wa ya ce kina da shi?"

* * *

Washegari na tafi kamfanin. Zafin kwano da ƙarar kekuna suka tare ni tun daga ƙofa. Mata ne jere, ƙurar buhu ta yi musu fari a gira. Kusa da randar ruwa wani gwangwani ne a buɗe, duk wadda ta zo shan ruwa sai ta tsoma hannu ta jefa a baki, ko kallon abin ba ta yi.

Manaja na zaune gaban fanka, ya ɗora ƙafa kan kujera.

"Kai ne likitan nan wurin?" na ce.

"Hajiya, lafiya?"

"Ka san abin da ƙwayarka ta yi wa ƙanwata? An kore ta daga ɗakinta, an ƙwace mata 'ya!"

Ya yi murmushi. "Ni na ɗura mata? Taimako nake yi. Wadda bayanta ba zai iya ba, ga hanya. Akwai masu jira a waje."

Na ɗauki gwangwanin na watsar. Ƙwayoyin suka tarwatse a siminti. Ban kai ƙofa ba na waiwaya, sai na ga mata uku sun bar kekunansu sun durƙusa suna tsincewa. Ɗaya ta ɗago ta harare ni.

"Baiwar Allah, ke za ki tsaya mana har yamma?"

Na juya na fice.

* * *

Daga nan gidan surukan na wuce, raina na tafasa, amma na durƙusa na gaishe da tsohuwar yadda ya kamata. Na zayyana musu duk abin da likita ta faɗa, ita da ƙanin marigayin.

"Babu ciki?" in ji tsohuwar. "To an zubar ke nan."

"Inna, ki zo mu je ki ji daga bakin likitar."

Ƙanin ya gyara zama. "Tsaya, Yaya. Da bakinki kika ce ƙwaya take sha?"

"Ba ta aka yi, don ta iya tsayuwa ta ciyar da 'yar ɗan'uwanka! Ina kake lokacin da take fita da duhun safiya?"

"Ai kin gama magana," ya ce. "Da zargi muke yi, yanzu kin kawo mana hujja. Mu ba 'yar ƙwaya riƙon yarinya?"

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Har da yi mini Allah ya kiyaye hanya.

* * *

Duk da a hankali aka janye ƙwayar, Auta ta sha wuya. Ta yi zufa, ta yi amai, ƙafafunta suka hana ta kwanciya. Ta jure. Bayan wasu watanni al'adarta ta dawo, jirin ya tafi. Kamfanin kuwa tuni wata ta hau kekenta.

Yanzu kullum lokacin tashin makaranta takan je ta tsaya a tsallaken titi, jikin wani shagon gyaran waya. Rannan na raka ta. Yara suka fito da gudu, 'Yar Baba a cikinsu, an yi mata kitson da ya ja mata goshi. Ta hango uwarta. Hannunta ya fara ɗagowa, ya kai kafaɗa, sai ta dubi 'yan ajinsu. Ta mayar da shi kan igiyar jakarta, ta bi bayan baffanta.

"Kitson ya yi mata tsauri," in ji Auta. "Ba ta son mai tsauri."