Wainar Acca Ranar Sallah

Wata huɗu ke nan da likita ya ce Datti na da ciwon sukari, amma duk unguwar Kongo-Rasha babu wanda ya sani sai matarsa Tabawa da yayarsa Maimunatu. Shi ya hana a faɗa. Mutumin da ya shekara ashirin yana jan babbar mota daga Jos zuwa Fatakwal, a ce yau ƙwayar sukari ce ta kayar da shi? A cikin gida yana kiyaye baki, amma in ya zauna a zaure da abokansa, duk abin da aka miƙo sai ya ci, don kada a tambaye shi dalili. Ga gyambo a babban yatsan ƙafarsa ya ƙi warkewa. Likita kuwa bai ɓoye wa Tabawa ba: in aka ci gaba a haka, ƙafar za a yanke.

Da ƙaramar Sallah ta zo, Tabawa, wadda alkakinta ya yi suna har Gada Biyu, ba ta ɗora kaskon suya ba. Ta sayo acca wajen maƙwabciyarta Firisila, ta jiƙa aya ta niƙa ta tace, ta kwaɓa garin accar da ruwan ayar, ta zuba citta da gyaɗar da ta soya a yashi. Tanda ta goga wa mai da ɗan ƙyalle, sau ɗaya tak, ta shiga gashi.

Tana cikin yi Maimunatu ta shigo da langa cike da alkaki, sai ƙyallin zuma yake.

"Ke Tabawa, wannan kuma mene ne? Waina ce ta yi jinya?"

"Ta zaure ce, Yaya."

"Zauren wa? Ranar Sallah ki fitar wa maza abu ba mai ba sukari, a ce ƙanena ya karye? Ai sai a yi da mu a bakin famfo har Sallar layya."

"A yi."

"Rana ɗaya ba ta kisa."

"Kullum rana ɗaya ce, Yaya. Ranar suna rana ɗaya, ɗaurin aure rana ɗaya. Ni ke wanke ƙafar nan, na san abin da rana ɗaya take yi."

Maimunatu ta ja tsaki, ta ɗauki langarta ta miƙa zaure da kanta. Ba a jima ba Tabawa ta ji ƙarar murfi, ta ji Shu'aibu tela yana cewa, "Bismilla mana, direba, gidanka ne."

Ta kwashe wainar a faranti, ta yafa gyale. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ɗaga murya maza na zaure ba. Ta tsaya bayan ƙofa, ta yi sallama, ta tura farantin ciki.

"Malam Shu'aibu, barkanku da Sallah. Abokinku ciwon sukari gare shi. Likita ya ce ko alkakin nan ko ƙafarsa. Wannan farantin shi ne nasa. Wanda ya ƙara ce masa bismilla a kan zaƙi, ya shirya ɗaukarsa zuwa masallaci a baya."

Sai muryar Datti, ƙasa-ƙasa: "Tabawa, koma ciki."

"Zan koma, Malam. Ai na gama."

Ba ta koma ba tukuna. Ta ji an ja langa a kan siminti.

"Ashe abin da kake ɓoye mana ke nan, tsohon banza?" in ji Shu'aibu. "Wallahi hannunka ya ƙara zuwa nan, da almakashi zan tarye shi. Miƙo wannan mu ji... Uwargida, ba laifi, amma tana son yaji."

Sai da Datti ya kwana uku bai ce mata uffan ba. Ita ma ba ta ba shi haƙuri ba. Kowace safiya takan ajiye ruwan gishiri mai ɗumi a gabansa, ya miƙo ƙafa yana kallon bango, ta wanke, ta ɗaure, ta tashi ta jiƙa wata ayar.