Tayoyin Ya'ƙub

Tun ranar da Sagiru ya ɗora hannu a kan sitiyarin motar Baba Hamad ya san ya karɓi aikin da zai hana shi sukuni. Tsohuwar mota ce ƙirar Amurka ta shekarun hamsin, ja wur, mai faɗin goshi, tana ajiye a wani lungu na unguwar Darrasa an lulluɓe ta da tamfol. Baba Hamad Bahaushen Sudan ne da ya tsufa a Alƙahira yana sayar da turare, motar kuwa ta ɗansa Ya'ƙub ce. Shi ne ya rage tsawon sifirin ɗin gaba har ta sunkuya kamar mai shinshinar kwalta, ya kuma sa mata tayoyi masu faɗi. Daga nan ya tafi Libiya neman aiki, yaƙi ya ɓarke, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ga shi bikin Bakhita, ƙanwar Ya'ƙub, ya matso, ta kuma ce a motar yayanta take so a kai ta. Abdulbasit, ɗalibin fiƙihu da ke ɗaki ɗaya da Sagiru, shi ya haɗa su, ya gaya wa tsohon cewa abokinsa yana da difloma a kanikanci daga gida, yana kuma aiki a wani gareji a Dokki. Sharaɗi ɗaya Baba Hamad ya gindaya: a gyara abin da za a gyara, amma kada a cire ko noti daga abin da Ya'ƙub ya sa, domin in ya dawo ya tarar da ita yadda ya bar ta.

Ciwon motar a kwana yake. Da an murɗa sitiyari hagu sai tayar gaba ta gogi madigadi da wani irin gurnani, sitiyarin ya fizge hannu. Sagiru ya ɗaga ta da jak, ya shafa alli a gefen tayar, ya sauke, ya murɗa, sannan ya leƙa. Farin zane ya fito a leɓen madigadin, kuma dab da shi ga tiyon birki. Wannan tiyon ne ya tsaya masa a rai. Ya daidaita tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ya ƙara fito da notin da ke tsayar da sitiyari, ya naɗe guduma da tsumma ya lanƙwasa leɓen ƙarfen ciki a hankali, don kada fenti ya tsage. Yatsu biyu suka shiga tsakanin taya da ƙarfe. Da yake ya san motar amarya ba ta tafiya sai da gwaggwanni a baya, ya aro buhunan yashi daga wajen magina ya jera a kujerar baya, ya zagaya unguwar. Ko ƙis bai ji ba. Baba Hamad ya ce tamam, ya yi daidai, ya sa masa albarka.

Ana gobe biki, da la'asar, yana dawowa daga Dokki, motar hayar da ya shiga ta maƙale a Wustul Balad, tsakiyar birni, saboda zaffa, wato ayarin rakiyar amarya irin na Masar. Ya leƙa ta taga. Samari uku ne zaune a kan bonet ɗin motar amarya, suna tafi suna buga ƙarfen da dunduniya, gaban motar ya yi ƙasa har ya kusa haɗiye tayoyin. Nan Sagiru ya gane kuskurensa. Shi ya gwada motar da nauyin rakiya irin ta Kano, alhali rakiyar Alƙahira za ta ɗauka.

Da ya isa gida bai tsaya canja kaya ba. Ya janyo Abdulbasit daga kan littafi, ya roƙi mai shayin bakin lungu, ya ce su hau bonet ɗin motar Baba Hamad. Abdulbasit ya tattare jallabiya ya hau yana mita, motar ta yi ƙara ta durƙusa. Mai shayi ya tambaye shi ko duk ful ne, dafaffen waken Masar, ya tara wannan jiki, shi kuwa ya ce ilimi ne, nauyinsa ba kowa ke iya ɗauka ba. Sagiru bai yi dariya ba. Ya sake shafa alli a tayar, ya murɗa sitiyari hagu, ya kwanta a ƙasa da tocila. Yatsa ɗaya ma ya ƙi shiga, ga kuma alli raɗau a jikin tiyon birki.

Ya daɗe a kwance bayan ya gama gani. Ya yi tunanin ya yi shiru, gobe ya riƙa shan kwana a hankali. Sai ya tuna gangaren da ke fita zuwa babban titi, ya hango amarya a baya, samari a gaba, birki kuma ya tafi ƙasa babu komai. Ya tashi ya hau bene wajen Baba Hamad da alli a goshinsa.

Baba Hamad ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce ma'alish, ba komai, ai abu ne mai sauƙi, zai hana samarin hawa. Bakhita tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, hannuwanta a sama saboda lalle.

"Yaba, wa ka taɓa gani ya hana su?" ta ce wa mahaifinta. "A bikin 'yar maƙwabta wa ya fara ɗarewa bonet, kana kira yana yi kamar bai ji ba, in ba Ya'ƙub ba?"

Tsohon ya juya. Ya tambayi Sagiru ko babu wata dabara. Sagiru ya so ƙwarai ya ce akwai. Amma ya gaya masa cewa ya riga ya gwada duk abin da ya sani. In dai waɗannan tayoyin na nan, shi ba zai tuƙa Bakhita ba, ba kuma zai ba wani makulli ba.

Aka kira magariba. Can Baba Hamad ya shafa gemu.

"Cire su, ɗana. In ya dawo, ƙanwarsa zai fara tambaya." Ya miƙe yana neman takalminsa. "Amma ka hawo mini da su nan. Kada su kwana a titi."

Da safe Sagiru ya sa siraran tayoyi da ya aro a garejinsu. Masu faɗin kuwa shi da Abdulbasit suka mirgino su bene, tsohon ya nuna musu ƙarƙashin gadon Ya'ƙub.

Da yamma samari huɗu suka hau bonet tun kafin a fita lungu. Ganguna sun cika unguwa, gwaggwanni suna guɗa a baya. Da suka iso kwanar gangaren, Sagiru ya sauke gilashi ya karkata kunne waje, ya taɓa birki, ya ji shi da tauri, sannan ya murɗa hagu. Babu gurnani. Baba Hamad, da ke zaune a gefensa, ya ce yalla, maza, ya ƙara wuta mana. Sagiru ya ce to, amma bai ɗaga gilashin ba har suka isa.