Hannun da Lyle Ya Ɗaga

"Ƙarfe nawa ka ce ka gan shi a cikin motar?" in ji Misis Tolbert, matar da ofishin gari ya turo.

Curtis Varga ya dubi hularsa da ke kan gwiwarsa. A kicin ɗin Marcy suke zaune, matar maƙwabcinsa Lyle, kwana tara da binne shi. Kwanukan abincin da mutanen unguwa suka kawo sun cika teburin, har sai da Misis Tolbert ta ture ɗaya kafin ta sami wurin aje takardunta.

"Takwas da minti goma. Zan kai 'ya'yana mata makaranta."

Shekara goma sha shida Lyle yana aikin kashe gobara. Daren Litinin ya kwana a gobarar wani ɗakin ajiyar katako, aka sallame su bakwai da rabi na safiyar Talata. Ranar Laraba Curtis ya dawo daga makaranta ya same shi a mazaunin direba, a ƙofar gida, zuciya ta tsaya. Dokar garin kuwa ta ce in mutum ya cika cikin awa ashirin da huɗu da barin wurin gobara, a bakin aiki ya mutu, iyalinsa za su ci gaba da cin inshorar lafiyarsa. In ya wuce haka, ƙarshen wata a yanke. Ga Junie, 'yarsa mai shekara tara, ciwon suga gare ta, kullum sai allura.

"Da ka gan shi, yana da rai?"

Marcy ta juya musu baya, tana wanke kofin da ta riga ta wanke.

Curtis ya tuna safiyar sarai. Lyle ya ɗaga masa hannu ta bayan gilashi, kamar kullum, da murmushin nan nasa na tsokana. Shi ne fa mai ce masa, "Sarkin tsoro! Wa zai sace tsohuwar tabarmar ƙofarka da har ka kafa mata kyamara?"

"Bai motsa ba," in ji Curtis. "Kansa a sunkuye. Na ɗauka barci yake. Ina jin tun asuba ya cika."

Misis Tolbert ba ta rubuta komai ba. Ta cire tabarau ta murza idanunta.

"Mista Varga, kyamarar ƙofarka tana kallon gidan nan. Kai da kanka ka ba 'yan sanda hoton a ranar."

"To, ai hoto yana ruɗi."

"Sau biyar na kalla, ina neman ruɗin. Ya ɗaga maka hannu. Kai ma ka ɗaga masa."

"Minti arba'in kawai ya ɗara awa ashirin da huɗun fa, baiwar Allah! Hayaƙin da ya shaƙa agogo ne da shi?"

"Ba ni na rubuta dokar ba. Za su iya ɗaukaka ƙara. Yakan ɗauki shekara, wani lokaci biyu."

"Ita yarinyar shekara za ta yi tana jiran allura?"

Matar ta tattara takardunta a hankali, ta mayar da kwanon inda yake.

"Bar shi, Curtis," in ji Marcy, ba ta waiwayo ba. "Na gode da ka gwada. Dama Lyle ya sha faɗa, ko kati ake yi ba ka iya ƙarya ba."

Da yamma ya fito da kujera da sukurdireba, ya hau yana kwance kyamarar. Sukuru ɗaya ya ƙi fita. Yana cikin fama da shi sai ya ji an rufe ƙofar mota a tsallaken titi.

Junie ce ta shiga motar ubanta, wadda har yau ba wanda ya matsar. Ta zauna a mazaunin direba, kanta da ƙyar ya wuce sitiyari. Da ta hango shi a kan kujera, sai ta ɗaga masa hannu ta bayan gilashin.