Hutun Gidaɗo

Igiyar rijiyar Dogon Kiriya doguwa ce, kuma Gidaɗo ne ke kora bijimin da ke jan ta. Tun hantsi yake kai da kawowa, yana yi wa bijimin hira da harshensa mai nauyi. An haife shi da ƙananan idanu da gajerun yatsu. Gemu ya fito masa hankalinsa na nan na yara, amma ƙafarsa ba ta san gajiya ba.

Shekarar da aka sami mulkin kai, wansa Buba ya sami aikin gwamnati a Dogon Dutsi, ya ɗauko shi. Ya ce wa dangi tausayi ne. Tausayin kam akwai shi, sai dai kunya ta fi shi yawa. Ranar da Gidaɗo ya bi shi wurin aiki ya rungume kumandan, babban jami'in garin, yana dariya, Buba ya ji kamar ya nutse. Daga ranar aka shimfiɗa wa Gidaɗo tabarma a rumfa, aka ja ƙyaure. Tuwo dai bai taɓa yankewa ba.

Da shekaru suka ja, mahaifiyarsu Hawwa'u ta zo da jakinta domin ta koma gida da Gidaɗo, don bijimin ya ƙi bin kowa. Gidaɗo ya yi tsalle don murna, ya ɗaure tsummokaransa, ya riga kowa fita.

Ko kasuwa ba su kai ba ya tsaya. Ya dafa katanga yana haki, gumi na zuba, ƙafafunsa sun kumbura kamar tulu. Sannan ya zauna a ƙasa.

Hawwa'u ta dubi Buba da ya rako su. "Mi ka yi mishi?"

"Ban yi mishi komi ba, Inna."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ci masa rai. Ya durƙusa ya kama hannun ƙanensa. "Tashi, Gidaɗo. Tashi mu tahi, ni zan raka ka har gida."

Gidaɗo ya yunƙura, ya koma. Ya ga idon wansa ya cika da ƙwalla, sai ya shafa masa kai, ya juya ga uwarsu.

"Inna, kar ki yi mishi faɗa. Hamma Buba ya ce in huta. Na huta sosai, ban tashi ba ko sau ɗaya."