Tanderun Hawa na Uku

Benen da muke zaune a garin Sundsvall an gina shi ne a 1964, kuma wanda ya ga kicin ɗaya ya ga na kowa. Tanderun lantarki a cikin bango yake, daidai ƙirjin mutum, ga murhu mai faranti huɗu a jikin teburin girki. Kamfanin da ya ƙera su ya daɗe da rufewa. Tanderun ya fi na yanzu ƙanƙanta, saboda haka duk mai son sabo sai ya fasa bango ya ɗebe kabad gaba ɗaya. Matasan da suka sayi gida daga baya haka suka yi. Mu tsofaffi muka zauna da namu.

Abin da ke saurin mutuwa a tanderun shi ne ƙarfen zafi na ƙasa, wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke yin jawur in an kunna. Babu shagon da ke sayar da irinsa. Sai muka saba da wata hanya: in wani ya rasu ko ya tashi, a bari magada su gama kwashe kaya, sannan a je a roƙi ƙarfen. Ni ake kira in kwance, don ni ke da sukudireba, kuma hannuna bai fara rawa ba. Sunana Ebbe, direban bas ne ni kafin in ajiye aiki.

Ƙarfen Gunvor ya mutu ne a farkon sanyi. Gunvor a hawa na ɗaya take, ta yi shekaru tana dafa wa 'yan makaranta abinci, mijinta ya rasu tuntuni, kuma ba ta taɓa yarda ta ci burodin kanti ba. Ta buga mini ƙofa da faranti a hannu. Saman burodin ya gasu, ƙasansa ɗanyen ƙullu.

Na sauka na duba. Ƙarfen ya fashe a gwiwa, ya yi baƙi.

"Wa ke da saura?" in ji ta.

"Sai Sixten."

"Ai Sixten yana nan da ransa."

"Shi ne matsalar," na ce.

Sixten a hawa na uku yake, ya haura tamanin da biyar, tsohon ma'aikacin masana'antar takarda. Bai taɓa aure ba. Kifin gwangwani yake ci da dafaffen dankali, tanderunsa kuwa tsofaffin jaridu yake ajiyewa a ciki. Kowa a gidan ya san ƙarfensa sabo ne fil. Majken ta hawa na biyu, wadda nata rabi kawai yake ɗaukar zafi, ta daɗe tana tambayar lafiyarsa fiye da kima.

Gunvor ta ce in raka ta. Ya buɗe mana sanye da rigar sanyi mai huda a gwiwar hannu, ya saurare ta har ta gama.

"Wato kun gaji da jira," ya ce. "Da ma Majken kullum sai ta leƙa fuskata a matakala, kamar mai duba ko kifi ya lalace."

"Haba Sixten, wa ya yi maganar mutuwa? Abu ne ba ka amfani da shi."

"Haƙoran nan na gaba ma ba na amfani da su sosai. Ki zo da Ebbe ya cire?"

"Tsohon banza," in ji Gunvor, ta juya za ta sauka.

Ya bar ta har ta kai kwanar matakala, sannan ya ce, "Ƙarfe ba ya fita daga gidana. In gashi kike so, ga tanderu nan, ba ya cizo."

Ta sauka abinta. Amma da Asabar ta zo, na gan ta tana hawa da kwanon ƙullu a rufe da tawul.

Ni na kwashe jaridun na kai ƙasa. Da aka kunna, ƙura ta ƙone, hayaƙi ya cika kicin, muka buɗe taga ƙanƙara na shigowa. Sixten yana zaune a kujera yana tari, yana cewa an zo kashe shi da dabara.

Daga nan abin ya zama na kowace Asabar. Gidana yana kusa da nasa, bango ɗaya ne tsakaninmu, ina jin su. Ba hira suke yi ba, faɗa suke yi. Ta ce tawul ɗinsa ya fi tsumman goge takalmi datti. Ya ce kirfa ta yi yawa a burodinta, ya cinye uku. Ta wanke masa labule ba tare da ta tambaye shi ba, ya yi fushi har bai gaishe ta ba a wurin akwatin wasiƙu. Wata Asabar ta makara, sai ga shi a ƙofata.

"Ebbe, matar nan ta mutu ne?"

"Asibitin ido ta je."

"To. Na kunna tanderu a banza ke nan."

Majken ba ta ji daɗin wannan tsari ba. Ta tare ni a ɗakin wanki ta ce ita ta riga kowa sa rai, kuma mace mai shekarun Gunvor bai kamata ta riƙa hawa gidan tuzuru da kwano ba. Na ce ta faɗa wa Gunvor da bakinta. Ba ta faɗa ba.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, Sixten ya zame a bakin ƙofar gida ya karya ƙugu. Aka kai shi asibiti, daga can bai dawo ba. A jana'izarsa mu bakwai ne har da fasto. Ɗan ƙanensa, wani mai suna Torkel, ya zo daga kudu da motar haya, ya kwashe abin da zai kwashe, ya ba ni makulli ya ce duk mai son wani abu a kicin ya ɗauka kafin ma'aikata su zo su fasa.

Ban kai ga cire takalmi ba Majken ta buga ƙofa. Na ce ta dakata, na sauka wurin Gunvor. Na same ta tana jera kofuna a kabad.

"Ƙarfen nan naki ne in kina so," na ce. "Yanzu zan kwance."

"Ka ba Majken."

"Ke kika fi buƙata. Nata yana ɗan yi."

"Na ce ka ba ta, Ebbe. Kunnenka ya fara tafiya ne?"

Na hau na kashe wutar gidan Sixten, na kwance ƙarfen. Wata shida na gashi ya ɗan sauya masa launi, ban da wannan lafiyarsa ƙalau. Da yamma na ɗaura wa Majken. Ta tsaya a kaina har ya yi ja daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ta ba ni kofi da biskit na kanti.

Kafin tsakiyar bazara Gunvor ta kira magina. Suka fasa bangon kicinta, ƙura har matakala, suka sa mata tanderu na zamani mai gilashi da agogo. Farantan tsohon murhunta mutum uku suka raba, ƙarfen zafi na sama na tsohon tanderunta kuma na ajiye a ɗakin kayana, don na Majken na sama ma ya fara alamar gajiya. Gunvor ta ce sabon yana gashi daidai, sai dai yana mata ƙara in ya gama, kamar ita ba ta da hanci. Gidan Sixten wasu ma'aurata masu jariri suka saya.