Hannayen Kande

Kande ta rasu a tsakiyar damina tana shekara huɗu. Da tari abin ya fara, irin wanda ake cewa zai wuce, har numfashinta ya koma fita da ƙara kamar ana jan zarto. Likita ya tambayi uwarta, Malama Monica, irin ɗakin da yarinyar take kwana. Da ta kwatanta masa sai ya girgiza kai kawai.

Gidan sabo ne, cikin kwatas ɗin ma'aikata da aka gina a gurguje bayan Sama Road lokacin da kuɗin mai suka cika gari. Rufin kankare ne, ruwa ya kwanta a kansa, bango ya sha ya ƙoshi. Funfuna ta bi kusurwa-kusurwa, ɗakin yara yana wari kamar tsohuwar rijiya.

Mijin Monica, Ishaya, akawu a wata ma'aikata, bai yi kuka gaban mutane ba. Shi da kansa ya kankare bangon, ya shafe shi da farin fenti. Da aka aike shi Ikko, ya dawo da wani akwati ruwan toka mai fanka a ciki, da soso mai tace iska, da waɗansu allurai sirara a bakinsa.

"Maman Kande," ya ce, sunan ya yi masa nauyi a baki. "Mai kantin ya ce yana kama ƙura da funfuna da ƙwayoyin cuta. Ba zan bari Tanko ya bi yayarsa ba."

Aka ɗora na'urar kan tebur a ɗakin, kusa da gadon jaririnsu Tanko. Tana gurnani a hankali, iskarta tana ƙamshi kamar bayan tsawa. Ko ita ce, ko fentin ne, Allah masani, amma warin ya ragu, Tanko yana barci ba shaƙewa.

Sai bango ya fara dushewa. Ƙurar da allurai suka kama, bango take bi ta manne. Wata rana da hantsi Monica ta shigo da wanki, ta tsaya cak. A ƙasa, daidai gwiwarta, ga tafin hannu ƙarami, yatsu biyar, ya fi sauran bangon duhu. Ta zubar da kayan ta fita ba takalmi, ta faɗa gidan maƙwabciyarta Atika, matar wani mai sayar da atamfa.

Atika ta zo ta durƙusa ta daɗe tana kallo. "Wanga hannun Kande na, Malama. Ba ke kika shafa mata man kaɗe kullum ba? Mai ya shige bango, fenti bai iya hana shi hitowa. Ƙura ta samu wurin kamawa."

Monica ta yarda da bayanin. Amma bayani bai hana ta shiga ɗakin kowace safiya ba. Hannu ɗaya ya zama uku, uku suka zama jeri, daga bakin gado suna bin bango zuwa ƙofa. Ta tuna kwanakin ƙarshe, yadda yarinyar take dafa bango ta fito nemanta a kicin saboda ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Tafin da ke kusa da ƙofa ya zame ƙasa, yatsun sun ja dogon layi.

Ishaya da ya gani ya sayo wani gwangwanin fenti.

"Baban Kande, in ka taɓa bangon nan, gidanmu zan tafi."

"To a kashe na'urar."

"Tanko fa?"

Gwangwanin ya zauna bayan ƙofa ba a buɗe ba. Ran Lahadi bayan sun taso daga sujada, ta leƙa ta same shi durƙushe da kayansa masu kyau, ya ɗora babban tafinsa kan ƙaramin tafin nan na bakin ƙofa, kafaɗunsa suna rawa. Ta koma da baya ba ta bari ya ji ta ba.

Tanko ya fara tsayuwa. Da bangon nan ya koyi tafiya, yana bin jerin hannayen, in ya kai ƙofa ya ɗaga kai ya yi dariya, alhali ba kowa a wurin.

Da gwamnatin soja ta raba jihar gida biyu, sunan Ishaya ya fito cikin ma'aikatan da za su koma Minna, babban birnin sabuwar jihar. Ranar tashi, ana loda kaya a mota, Monica ta riƙe hannun Atika.

"In sababbin masu shiga gidan sun zo, ki roƙe su kada su yi fenti."

"Ni hwaɗa musu," in ji Atika. Dukansu sun san ba za a ji ba.

A Minna ɗakin busasshe ne, Tanko lafiya lau. Duk da haka Monica ta sa aka jona na'urar, ta matsa da ita jikin bango. Bangon ya yi duhu kamar yadda ta zata, sumul, daga sama har ƙasa. Ta yi ta dubawa har damina ta zagayo, ba ta ga ko yatsa ɗaya ba.